Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin Garwa: A Sa Inuwa Cikin Lissafin Ayyukan Birni

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin Garwa, tare da shugabannin gundumomi 3 na birnin da 'yan majalisunsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina roƙon a yi mini uzuri da na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a maimakon in kai ta ofis a rufe cikin ambulan. Dalilina shi ne abin da zan faɗa ya shafi kowane magidanci a garin nan, kuma mafi yawan laifin da zan ambata namu ne mu mazauna, saboda haka ya dace maƙwabtana su karanta tare da ku. Ni tsohon malamin makaranta ne da ya ajiye aiki, mazaunin unguwar Yelwa, kuma tun ina saurayi keke ne abin hawana. Ba ni da ƙungiya, ba na neman kwangila, kuma shekaruna sun wuce na neman muƙami.

Kowace safiya bayan sallar asuba nakan fito da kekena in gangara wajen gadar Binuwai, in ɗan tsaya in kalli ruwa, sannan in juyo gida kafin rana ta yi ƙarfi. Mai keke yana sanin gari ta fuskar da mai mota ba ya sani. Ya san inda kwalta ta ƙare yashi ya soma riƙe taya, ya san inda ruwan kwata yake kwanciya, kuma fiye da kome ya san inda inuwa take da inda ta yanke. A layukan da tsofaffin bishiyoyin darbejiya da maɗaci suke tsaye, ko a watan Afrilu mutum yana tafiya cikin natsuwa, yana wuce mai shayi, da mai faci, da tela a bakin shagonsa, da dattawa a kan tabarma. Da zarar an fita zuwa sababbin unguwanni, inda ake share kowace bishiya kafin a haƙa harsashi, sai a tarar titi ya zama kufai da tsakar rana, babu mai takawa sai wanda dole ta fito da shi. A kan sirdin keke na gane cewa maganar ginin gidajenmu, da kujerun da muke cika ɗakuna da su, da yadda muka daina tafiya da ƙarfin jikinmu, duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su, wato zafin garin nan da yadda muka daina yin lissafi da shi.

Kun fi ni sanin cewa Garwa tana cikin garuruwan da suka fi zafi a Kamaru. Daga Maris zuwa farkon Mayu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 da rana, kuma a tsakiyar Afrilu rana takan tsaya cak a tsakar ka, har mutum ya nemi inuwarsa ya same ta a ƙarƙashin ƙafafunsa. Garin yana kwance ne a kwarin Binuwai, ba shi da tudun da ya ba Ngaundere sanyinta. Haka iyayenmu suka same shi, kuma a kan haka suka tsara gidajensu.

Gidan da na tashi a cikinsa na ƙasa ne. Kaurin bangon ɗakin mahaifina ya kai kamu guda, an ɗora shi da tubali an yaɓe, an jera azarar giginya a sama, an shimfiɗa zana, an zuba ƙasa an daɓe, ga indararo yana zubar da ruwan sama can waje. Sauran ɗakunan rufin ciyawa ne. Daga ƙofa sai zaure, wanda 'yan'uwanmu Fulani ke kira jawleru, kuma ƙofofinsa biyu ba sa kallon juna, saboda haka iska tana ratsawa amma idon baƙo ba ya kai wa cikin gida. A tsakar gida akwai mangwaro da rumfar zana, da randa da aka binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, wadda ruwanta ko a bazara yakan sa haƙori ya amsa. Sai da na girma na fahimci hikimar bangon nan. Zafin rana yana ɗaukar awoyi masu yawa kafin ya ratsa ƙasa mai kauri, saboda haka da azahar ɗakin yana da sanyi, lokacin da zafin zai iso ciki kuwa dare ya yi, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida, kafin asuba kuma bangon ya huce ya shirya wa gobe.

Da na samu ɗan abin hannu na gina nawa gidan, sai na yi abin da kowa yake yi, kuma ba na ɗora wa kowa laifinsa. Na sa bulon siminti mai rami, na rufa kwano a ƙasa-ƙasa don in rage kuɗin katako, na bar zaure na sa ƙofar ƙarfe, na malale tsakar gida da siminti don kada yara su shigo da taɓo. Daga baya ma na sare gwandar da ke kusurwa na ƙara ɗakuna 2 na haya. Tagogin nan masu faifan gilashi da ake kira nako, waɗanda ke buɗewa gaba ɗaya, na ga sun zama tsohon yayi, na sa masu zamewa, waɗanda ko an buɗe su iyaka rabinsu ne yake buɗewa. Sakamakon shi ne a bazara, ƙarfe 10 na dare, idan ka ɗora tafin hannu a bangon yamma sai ka ji kamar gefen tanderu. Kwano ya gasa ɗakin da rana, bulo da simintin tsakar gida kuma suna amayar da zafin da suka sha har tsakar dare. Jikokina suna kwana suna juyi da ƙurajen zafi a wuya, ni kuma da na gina wannan da kuɗin gumina ina zaune a ƙofar gida ina fifita da mafici.

Za a ce ai akwai fanka, mai hali kuma ya sa na'urar sanyaya ɗaki. To, wutar arewacin ƙasar nan ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma kowa ya san ruwanta yakan ja baya a ƙarshen rani, daidai lokacin da kowane gida yake neman wuta ido rufe. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gider da Marwa sun kawo sauƙi, muna godiya, amma garin yana ƙaruwa kullum, kuma kowane sabon gida irin nawa ƙarin nauyi ne a kan waya. Gidan da ba ya zaunuwa sai da fanka, ranar da aka ɗauke wuta ya tashi daga gida ya koma kurkuku.

Ba ina kiran a koma ginin ƙasa yadda yake a da ba ne, domin na san aibinsa. Na yi yaɓe da hannuna kowace shekara kafin damina, na ga gara ta cinye azara, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2012 ba su manta yadda katangun ƙasa suka narke a wuraren da ruwa ya kwanta ba. Sai dai an daɗe da samun maganin waɗannan matsaloli. Ana matse bulon ƙasa da inji a gauraya shi da ɗan siminti kaɗan, a ɗora shi a kan harsashin dutse, a fitar da bakin rufi ya yi nisa da bango don kada ruwan sama ya dake shi. Gwamnatin Kamaru da kanta ta kafa hukumar MIPROMALO tun 1990 domin bunƙasa kayan gini na gida. A Burkina Faso, inda zafin bai gaza namu ba, Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama ya bar rata tsakaninsa da silin, ta yadda iska mai zafi take tashi ta fice, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine a duniya. Ba sai mun je nesa ba ma, ga ɗakunan ƙabilar Musgum a wajen garin Pus, masu tsini da kafa a ƙololuwa don zafi ya fita, waɗanda baƙi ke zuwa daga Turai su ɗauki hotonsu, mu kuwa muna wuce su muna cewa ginin ƙauye. Simintin Figil yana da wurinsa a harsashi da ginshiƙi da kwata, amma ba dole ba ne ya zama shi kaɗai ne abin da muka sani.

A nan ne hannunku yake da tsawo, ranka ya daɗe. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilun 2004 ta sa takardar izinin gini a hannun magajin gari, dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disambar 2019 kuma, wadda ta mayar da kujerarku ta zaɓe, ta bar wa birni kula da manyan hanyoyinsa da wuraren shaƙatawa da tsarin zirga-zirga. Ina roƙon a sa a cikin sharuɗɗan izinin gini cewa kowane fili za a bar wani kaso nasa ba gini ba siminti, a dasa aƙalla bishiya guda, kowane ɗakin kwana kuma ya samu taga a bango biyu don iska ta shiga ta fita. Na san mafi yawan masu gini a unguwanninmu ba sa zuwa neman takardar, kuma doka ita kaɗai ba za ta sauya ra'ayin mutumin da ke ganin ginin ƙasa alamar talauci ce ba. Abin da zai sauya shi shi ne gani da ido. Idan birni zai gina sabon aji, ko rumfar kasuwa, ko ɗakin shan magani, a gina guda ɗaya da matsattsen bulon ƙasa da ɗagaggen rufi, a ɗauki maginan unguwa su koyi aikin a kansa, sannan a rataya ma'aunin zafi a cikinsa da kuma cikin na bulo da ke kusa, a bar jama'a su shiga su kwatanta a watan Afrilu. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma alhajin da ya shiga ya ji bambancin a fatarsa ba ya buƙatar lacca.

Bari in shiga cikin ɗaki, ko da yake na san wasu za su ce ina ruwan magajin gari da kujerun amarya. Lokacin da na aurar da 'yata, gwaggwanninta suka ce ba za a kai ta ba sai da cikakken saiti: kujerun kushin masu zaman mutum 7 da rufin karan-miski, gado mai allon kai har kusa da silin, sif mai ƙofa huɗu, madubi, da kabad ɗin jera kwanuka. Na ci bashi na yi, domin uba ba ya son a ce 'yarsa ta shiga gidan miji da kunya. Da aka gama jere, wurin da ya rage a falon bai fi na shimfiɗa darduma guda ba. Bayan wata biyar, a tsakiyar bazara, na kai musu ziyara, sai na tarar da ita da mijinta da baƙi biyu duk suna zaune a ƙasa a kan tayil, sun jingina bayansu da kujerun, domin soso da karan-miski suna riƙe zafi, wanda ya zauna a kai minti goma sai rigarsa ta manne masa a baya. Kujerun da na yi shekara biyu ina biyan bashinsu sun zama matashin jingina, da hunturu kuma ma'ajiyar ƙura.

Ƙofar sif ɗin ma ta riga ta karkace, ba ta rufuwa. Katakon da kafintocinmu ke aiki da shi daga dazuzzukan kudu yake zuwa, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko ta manyan motoci, kuma sau da yawa yana isowa da ɗanyensa. Idan aka yanka shi aka haɗa kafin ya bushe, iskar hunturu tana bugunsa sai ya tsage ko ya lanƙwashe. Allunan garin katako da ake matsewa a lulluɓe da leda mai sheƙi kuwa, ruwan shara kaɗai ya isa ya kumbura musu ƙafa. Ban ga laifin kafintan da ya yi mini aikin sosai ba, tun da ni ne na matsa masa da ciniki, na kuma ba shi mako uku. Abin da ya dame ni shi ne muna da kayan da suka dace da garin nan, mun mayar da su na tsakar gida da na masu gadi: kujerar ƙarfe mai saƙar igiya da iska ke ratsa bayanta, gadon tukurwa, tabarmar kaba, da tumtum na fata irin wanda dukawan Marwa suka shahara da shi. Da birni zai shirya baje koli sau ɗaya a shekara ga kafintoci da masu walda da dukawa da masaƙa, a ba da kyauta ga wanda ya fito da kayan ɗakin amarya masu kyan gani, marasa nauyi, masu shan iska, a gayyaci iyaye mata su zama alƙalai, na tabbata cikin 'yan shekaru yayi zai juya, domin yayi ne ya kawo kushin ɗin tun farko. Rumfar busar da katako a kusa da masu sayar da shi ma ba za ta ci kuɗi mai yawa ba.

Duk wannan yana komawa ga jiki. A cikin abokan da muka fara koyarwa tare, da wuya ka samu wanda ba ya shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, kuma kowa likita ya gaya masa magana ɗaya, ya rage gishiri da zaƙi, ya riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yaro ɗan makaranta kuma awa guda kowace rana. Iyayenmu ba su san wannan lissafi ba, amma suna cika shi ba da niyya ba, da tafiya kasuwa da gona, da jan ruwa a rijiya, da daka, da tashi daga tabarma sau da yawa a yini. Ba na fatan a mayar da mata ga turmi da dutsen niƙa, injin niƙa da famfo rahama ne. Amma an ɗauke wancan motsi ba a maye gurbinsa da kome ba, kuma matar da ba ta fita sosai, tsakar gida ce filinta kaf, ita ce kuma muka cinye da ɗakunan haya. Ina ganin da shawarar malamai da masu unguwanni za a iya ware wa mata wasu awoyi na safe ko na yamma a filayen makarantu masu katanga, su yi tattaki cikin sutura da kwanciyar hankali, da mace mai kula da ƙofa.

Sai maganar keke, wadda ita ce ta fi ci mini rai. A ƙuruciyarmu, malamin da ya sayi Raleigh ko Phoenix sabo, unguwa takan fito kallo, ana yi masa ado da tuntu a kai da madubi biyu, ana goge shi kowace Juma'a. Daga baya babura masu araha suka cika gari, man fasa-ƙwauri da ake kira zuwa-zuwa da ke shigowa daga Najeriya ya sa hawansu ya zama kamar kyauta, kilando, wato babur ɗin haya da muke kira moto, ya zama abin hawan kowa, har wanda zai je sayen ashana a bakin layi sai ya tsayar da babur. Yau keke ya zama shaidar rashi. Tsofaffin ɗalibaina sukan tsayar da ni a hanya cikin tausayi, wani ya ce, “Malam, me ya yi zafi haka? Ga kuɗin moto,” in yi masa godiya in ce ya riƙe, ni da kekena lafiya muke. Amma lissafin ya fara sauyawa. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, zuwa-zuwa ya daina zama na banza, a gidajen mai kuma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake tashi zuwa 840 a Fabrairun 2024. Magidanci mai 'ya'ya huɗu a makaranta, wanda ke biya wa kowannensu kuɗin moto zuwa da dawowa, ya san abin da hakan ke ci masa a wata, kuma da yawa sun gaya mini da za su saya wa yaran keke in ba don tsoron titi ba.

Tsoron nan yana da dalili. Bara, ina dawowa daga gada, wani yaro a kan babur ya fito ta hannun da ba nasa ba ya ɗebe mini tayar gaba, na faɗi a kafaɗa, na yi wata guda ba na iya ɗaga hannu in sa riga. Yaron ya tsaya, ya ɗaga ni yana rawar jiki, na kuwa yafe masa, domin sa'an jikana ne kuma abinci yake nema. Ba na gaba da 'yan kilando, sana'ar ta rufa wa dubban gidaje asiri. Abin da na lura shi ne a titi ɗaya ake haɗa tirela mai ɗauke da auduga, da motar haya, da babur, da amalanke, da yaro ɗan shekara 12 a kan keke, kowa ya nemi hanyarsa, kuma a irin wannan haɗuwa sananne ne wanda zai sha ƙasa.

Ba zan rage muku ladan aikin da aka yi ba. Shirin C2D na manyan biranen yankuna, wato tsarin mayar da bashin da Faransa ke bin Kamaru zuwa ayyukan raya ƙasa, wanda Garwa ta shiga tare da Bafusam da Bertuwa, da kuma shirye-shiryen gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka buga a farkon 2022, sun bar mana tituna da fitilu da magudanan ruwa da ba mu da su a da. Ina cikin waɗanda suka yi murna ranar da Najeriya ta ci Masar 1 da nema a filin Rumde Ajiya, garin ya cika da baƙi, muka ji mu ma ana lissafi da mu. Sai dai titi mai faɗi da santsi yana ƙara wa mai inji gudu, kuma idan ba a ware wa mai keke da mai tafiya a ƙasa wurinsu ba, gyaran yakan zama ƙarin haɗari a gare su. A Wagadugu, wadda ba ta fi mu arziki ko sanyi ba, manyan tituna da dama suna da hanyar keke da babur a gefe, kuma mata da maza, ma'aikata da 'yan kasuwa, suna hawan keke ba wanda yake kallonsu. Roƙona shi ne a fara da hanya guda ko biyu da ɗalibai suka fi bi, a ware gefe da dakalin siminti, domin fenti kaɗai ba ya tsare babur, a hana ajiye motoci da kasa kaya a kai, a sa tudun rage gudu a gaban makarantu. Yanzu da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022, yawan matasan da ke zirga-zirga kullum da aljihu mara nauyi sai ƙaruwa zai yi. A babbar kasuwa, da manyan makarantu, da masallatan Juma'a, a kafa wurin jingine keke mai rumfa da mai gadi da ake ba ɗan abin da ya sauƙaƙa, tun da satar keke tana cikin abin da ke hana mutane saye. Masu faci da masu gyaran kaca da birki kuma a ba su gurbi a inuwa, a daina ɗaukarsu a matsayin masu tare hanya.

Kada a manta cewa masu keke ba su ƙare ba, idon masu tsara hanya ne bai cika sauka a kansu ba. Duk wanda ya tsaya a bakin gada da sassafe zai ga masu shigo da itace da gawayi da ganye, an ɗaure kaya a kariya har ya fi mai keken tsawo, ranar Lahadi kuma zai gan su a hanyar kasuwar Pitowa suna rabe-rabe a gefen kwalta manyan motoci suna wuce su da iska. Waɗannan mutane suna ciyar da garin nan ba tare da sun ƙona ko cokali guda na mai ba.

Wani zai ce wa zai hau keke a zafin digiri 40, kuma tambayar tana kan hanya. Amsarta ita ce bishiya. Hanyar keke da ba ta da inuwa, watanni uku na shekara ba mai bin ta, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza. Darbejiyar da muke fakewa a ƙarƙashinta yau wasu ne suka dasa ta suka yi ta ban ruwa, yawancinsu ba su daɗe sun sha inuwarta ba. An yi shirin Sahel Vert a shekarun 1970, an farfaɗo da shi a 2008, saboda haka dashen itace ba baƙon abu ba ne a arewa. Inda muke faɗuwa shi ne bayan an dasa an ɗauki hoto, awaki su cinye rabi, rani ya kashe sauran. Ina roƙon duk kwangilar titi da birni zai bayar ta ƙunshi dasa bishiyoyi a gefe biyu, da kewaye su, da shayar da su har rani biyu, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an ƙirga waɗanda suka rayu. Wanda ya sare babbar bishiya a bakin titi don ya buɗe gaban shagonsa, a sa shi ya dasa wasu ya raine su. A kuma gauraya iri, a sa maɗaci da tsamiya da cediya tare da darbejiya, don kada cuta ɗaya ta zo ta share layi guda.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, kuma a lokacin ruwan farko ya sauka a Garwa, gari ya ɗan yi sanyi. Idan majalisarku ta amince, a rufe titin da ke kewaye da filin Rumde Ajiya ga motoci da babura na awa 3 a safiyar Lahadin da ta fi kusa da wannan rana, a bar yara da dattawa da masu keke su yi ta zagaye, a ga yawan waɗanda za su fito. Kafin nan kuwa ina gayyatarku, ranka ya daɗe, ku da injiniyan da ke zana muku tituna, ku zo mu bi hanyar da nake bi, daga Yelwa zuwa gada mu dawo ta cikin kasuwa, da misalin ƙarfe 7 na safe lokacin da yara ke tafiya makaranta. Ina da keke na biyu da ɗana ya bari, na sa an canza masa tayoyi da birki, maƙwabcina kuma ya ce zai ba da aron nasa.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Yelwa, Garwa.